Ɗan Jaridar Da Aka Hana Ladarsa, Wa Zai Yi Wa Aiki?

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, manyan kafafen watsa labarai suka ajiye wakilansu a Dutse. Garuruwa irin su Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura kuwa, sau da yawa labarinsu yana fitowa ne ta hannun wasu samari 'yan jarida masu zaman kansu, waɗanda ba su da albashin wata, ba su da takardar ɗaukar aiki. Sai an buga labari sannan a biya su, shi ma in an ga dama.

Irin wannan saurayi shi zai zuba mai a babur da kuɗinsa, ya kutsa ƙauyukan Gwiwa ya gano asibitin da babu magani, ko ya je bakin iyakar Nijar ta Babura ya saurari kukan 'yan kasuwa. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin wannan zirga-zirga ya ninninka. A Yulin 2024 an mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, amma shi bai san an yi ba, domin a takarda ba ma'aikacin kowa ba ne.

Babu shakka wannan zalunci ne, kuma cutarsa ba ta tsaya a kansa ba. Wanda kamfaninsa ya hana shi haƙƙinsa, ƙarshenta zai koma jiran ambulan ɗin da ake rabawa bayan taron 'yan siyasa da sunan kuɗin mota. Hausawa kuwa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Daga nan labarin rijiyar da ta ƙafe ya mutu, sai yabon mai girma shugaba. Wanda ya yi asara shi ne talaka.

Mafita ita ce haɗin kai. A Amurka, ƙungiyar masu aikin zaman kansu ta matsa lamba har birnin New York ya fara aiki da wata doka a 2017, wadda ta wajabta rubuta yarjejeniya kan duk aikin da ya kai dala 800, tare da biya cikin kwana 30 idan ba a sa rana ba. Ba kyauta aka ba su ba, tsayawa suka yi.

Saboda haka lallai ne samarin wannan yanki su zauna su tsayar da magana ɗaya: yarjejeniya a rubuce, sanannen farashi ga kowane labari, kuɗin mota daga kamfani ba daga wanda ake rubutu a kansa ba, da lauya a ranar kamu, tunda an sha amfani da dokar laifukan intanet ta 2015 wajen tsare 'yan jarida. Kada kuma wani ya zagaya ya karɓi aikin da ɗan uwansa ya ƙi saboda wulaƙancin farashi.

Ita ma Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Najeriya, NUJ, wadda aka kafa a Legas ranar 15 ga Maris, 1955, wajibinta ne ta rungumi waɗannan raunana a reshenta na Jigawa. Wanda ke faɗin haƙƙin jama'a, bai kamata nasa ya zama abin roƙo ba.