Gona da Daji: Masu tsaron itacen Ɗan Saga

A garin Ɗan Saga, cikin gundumar Agye, akwai komitin masu tsaron itace. Ba albashi ake biyansu ba, aikin sa kai ne. Cikinsu da manoma, da mata, da Fulani makiyaya. Jama'ar gari suka zaɓe su.

Asalin aikin sassaben zamani ne. A da, in bazara ta yi, manomi yakan share gonarsa ƙaf, ya sa wuta. Iska ta taso, rairayi ya binne shuka, sai a sake. A 1983 wani baƙo ɗan Ostareliya mai aiki a Maradi, Tony Rinaudo, ya lura kututturan gona ba su mutu ba, saiwarsu tana raye. Bayan yunwar 1984 dabarar ta fara bazuwa. Yau an san ta a Agye da Gazawa da Gidan Rumji.

Da bazara 'yan komiti suna bin gonaki suna nuna yadda ake yi. A kan kututturen kalgo ko sabara, a zaɓi tsiro uku zuwa biyar masu ƙarfi, a datse sauran. A yi sara daga ƙasa zuwa sama da abu mai kaifi, don kada ɓawo ya yage.

Da damina gadi ba wuya, kowa yana gonarsa. Gawo ma ya zubar da ganye, hatsi yana ta girma a gindinsa.

Wahala sai bayan kaka. An kai hatsi rumbu, an saki dabbobi, gona ba kowa. Sa'an nan masu saran dare suke zuwa da amalanke. Itacen da mutum ya yi shekara huɗu yana reno, dare ɗaya ya tafi. Wanda aka yi wa haka sau biyu ba ya sake barin tsiro. Don haka 'yan komiti suke zagaya cikin sanyi da ƙura. Wanda aka kama, a kai shi gaban jama'a, a ci shi tara.

In rani ya tsananta, ciyawa ta ƙare, gawo ne ke da ɗanyen ganye. Makiyayi mai wucewa da shanu masu yunwa ba zai wuce shi ba. Nan rigima take tashi, kuma nan Bafillacen komiti yake da rana. Shi ke zuwa ya yi wa baƙo magana da Fillanci: a kaɗo 'ya'yan gawo, a rage reshe kaɗan, amma kada a gundule itacen. Komitin da ba makiyayi cikinsa, faɗa yake sayo wa gari.

A da manoma suna tsoron barin itace, don ana cewa na gwamnati ne. A watan Yuli na 2020 gwamnatin Nijar ta fid da doka: itacen da manomi ya rena a gonarsa, shi ke da moriyarsa.