A Kwafi Faifan Bidiyo Yadda Yake, Kada a Matse Shi

Daga Bakura zuwa Talata Mafara da Maradun, da wuya a rasa gida ko makarantar da ba ta ajiye faifan bidiyo a akwati ba: na bikin aure, na hawan Sallah, ko na darasin kimiyya. Zafi da ƙurar hunturu da karce suna cin waɗannan faifai sannu a hankali, na'urorin kunna su kuwa sai ƙaranci suke yi. Saboda haka juyar da su zuwa kwamfuta ya zama wajibi. Inda gizo ke saƙa shi ne yadda ake juyarwar.

Bidiyo ba kome ba ne illa hotuna tsayayyu da ake jerowa da sauri, ƙwaƙwalwa ta haɗa su ta ga motsi. Tsarin PAL, wanda talabijin ta Nijeriya ta ɗauka, yana nuna hoto 25 a kowace daƙiƙa, na Amurka kuwa, wato NTSC, kusan 30. Idan aka tilasta wa bidiyon 25 ya koma 30, sai kwamfuta ta riƙa maimaita hoto ɗaya cikin kowane biyar, motsi ya riƙa cijewa. In kuwa saurin kawai aka ƙara, darasin awa guda zai ƙare cikin minti 50, muryar malami ta sirance kamar ta yaro.

Mai kallon biki yana iya haƙuri da wannan, amma ɗalibin ilimin halittu ba zai iya ba. A ɗauki hawainiya alal misali. Duk nawar tafiyarta, harshenta yakan cafko ƙwaro cikin abin da bai kai kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa ba, wato hoto biyu ko uku kacal. In mai tura finafinai a kasuwa ya rage bidiyon zuwa hoto 15 don ya shiga ƙaramar waya, sai a ga ƙwaro a nan, a ƙifta ido a ga babu shi. Abin da aka kunna faifan dominsa ya salwanta ke nan, kuma ba wata dabara da za ta maido shi.

Haka batun kyawun hoto yake. Faifan VCD, wanda ya fito a 1993, ɗigo 352 ne a kwance da 288 a tsaye, DVD kuwa 720 da 576. Dukansu an riga an matse su tun farko, kowace sabuwar matsa kuma tana zubar da wani abu, kamar takardar da ake ta ɗaukar hotonta daga kwafi zuwa kwafi.

Wasu za su ce babban fayil yana cinye wuri, kuma da gaskiyarsu. Sai dai DVD mai shimfiɗa ɗaya bai wuce gigabait 4.7 ba. Abin da ya dace shi ne a fara kwafe fayilolin faifan yadda suke, a adana su wuri biyu. Manhajoji na kyauta irin su FFmpeg da Avidemux suna iya yanke bidiyo ba tare da sake matsa shi ba. Ƙaramin kwafi na waya sai a fitar da shi daga baya da HandBrake, a bar adadin hotunan daidai da na asali. Wannan aiki ne da ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara za su iya koya wa malaman sakandare cikin yini guda.