Laya Ba Ta Raya Jariri

Ya ku 'yan'uwa Musulmi! Daga Daura har Mai'aduwa, Zango da Baure, muna ganin ana zubar da dakashi, ana cire wa jarirai beli, ana rataya musu layu. Ina hujjar wannan? Dakashi garkuwa ne daga cututtuka, askar wanzami tana jawo zubar jini, dogaro da laya kuwa shirka ne. Lafiyayyen jariri yakan ninka nauyinsa na haihuwa a wajen wata 5, ya ninka shi uku a shekara. Nono zalla ya ishe shi wata 6, kuma Suratul Baƙara, aya ta 233, ta ambaci shayarwar shekara biyu. Mu kai su awo asibiti, domin 'ya'ya amana ne, za a tambaye mu. Allah Ya shiryar da mu, amin.