Damagarawa, Ku Tashi Mu Tattara Sunayen 'Yan Sawaba!

Jama'ar Zermu, Mirriya, Matamai da birnin Damagaram, ku kasa kunne!

A watan Oktoban 1964 samarin jam'iyyar Sawaba suka ƙetaro iyakar Nijar ɗauke da bindigogi, bayan horon da suka samu a Gana, Aljeriya, Sin da Biyetinam ta Arewa. Yawancinsu talakawa ne, teloli, direbobi, 'yan tireda, waɗanda aka haramta jam'iyyarsu tun 1959, shekara guda bayan shugabanta Djibo Bakary ya ce "a'a" ga ƙuri'ar raba gardama ta Janar De Gaulle. Sun ɗauki makami, babu mai musun wannan. To, wace irin shari'a aka yi musu?

Gwamnatin Diori Hamani ta miƙa su ga kotun tsaron ƙasa, kotu ta musamman wadda ba ta bin hanyar kotunan da kowa ya sani. Cikin 'yan kwanaki aka yanke hukunci, aka harbe mutum huɗu a Yamai a gaban taron jama'a. Da aka jefa wa Diori gurneti a filin Idin babbar Sallah cikin Afrilun 1965, sai kame ya zama kan mai uwa da wabi. Damagaram kuwa gidan Sawaba ce, don haka ta ɗanɗana kuɗarta. Wasu sun mutu a tsare, wasu ba su ga ƙofar gida ba sai bayan juyin mulkin Seyni Kountché a 1974. Kotun da ke gaggawa irin wannan ba ta da lokacin tambaya ko wanda ke gabanta ya taɓa riƙe bindiga, ko kuwa maƙwabci ne ya kai sararsa saboda rigimar gona.

Dattawan da suka ga wannan da idonsu suna ƙarewa. Matasa, ku durƙusa gaban kakanninku, ku kunna salula, ku naɗi muryarsu. Wa aka kama? A wace unguwa? Ya dawo, ko har yau shiru? Malaman tarihi na Jami'ar André Salifou, ku buɗe rajista ku karɓi sunayen nan. Lauyoyinmu, ku nemi a fito da takardun waccan kotu daga ma'ajiyar tarihi ta ƙasa.

Yau ma ana kama farar hula da zargin haɗa baki da 'yan bindiga. Mai laifi ya sha hukuncinsa, amma a buɗaɗɗiyar kotu, da lauya, da shaidu, da damar ɗaukaka ƙara. Duk mai gari da limamin da aka kama ɗan garinsa, ya je ya tambayi inda aka kai shi da ranar da za a gurfanar da shi gaban alƙali.