Wajibcin Koya wa Yara Alamomin Shanyewar Ɓarin Jiki

A garuruwan noma irin Nasarawan Doya da ke Ƙaramar Hukumar Maƙarfi, da zarar hantsi ya dubi ludayi magidanta sun tafi gonakin rake da masara, ko kasuwa. Sau da yawa jikoki ne kawai ke kusa da tsofaffi. Idan shanyewar ɓarin jiki ta kama kaka a irin wannan lokaci, yaro ne zai fara gani. Saboda haka ya wajaba makarantun firamare su koya wa yara alamomin wannan cuta.

Cutar tana aukuwa ne idan jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa ta toshe ko ta fashe, kuma hawan jini ne babban musabbabinta. Maganin narkar da gudan jinin da ya toshe jijiya ana ba da shi ne cikin awa huɗu da rabi daga farawar ciwon, bayan an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa a babban asibiti irin na koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Ke nan duk jinkirin da aka yi a gida ana cewa bugun iska ne ko sammu, asara ce.

Alamomin ba su fi ƙarfin ɗan aji uku ba: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta saki, harshe ya yi nauyi, duk farat ɗaya. Aikin yaro shi ne ya ruga ya kira babba, ya riƙe lokacin da abin ya fara, ko da kwatancen kiran salla ne. Ya kuma tunatar a kwantar da maras lafiya ta gefe, kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo domin yana iya ƙwarewa. Ana addu'a, ana neman mota.

Wasu za su ce wannan ɗora wa yara kayan da ya fi ƙarfinsu ne. Amma ai an jarraba an gani. Dakta Olajide Williams, likita ɗan Nijeriya a Jami'ar Columbia ta Amurka, ya yi amfani da waƙa wajen koya wa yaran unguwar Harlem waɗannan alamomi, su kuma suka kai darasin gida ga iyayensu. Malamin Hausa ba ya rasa irin wannan makami, tunda ga waƙar gaɗa, ga wasan kwaikwayo, ga kuma wasan jika da kaka, wanda ya sa babu mai ƙare wa fuskar tsohuwa kallo kamar jikanta.

Daga ƙarshe, yana da kyau ɗalibi mai shirin zama malami ya tsara darasi guda a kan wannan batu lokacin koyarwar gwaji, ya maimaita shi kowace 29 ga Oktoba, ranar da duniya ta ware domin wannan cuta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.