Sabbin kwale-kwalen Yamaha: Gyara ne ko hujjar ƙara kuɗi?

Duk shekarar da Yamaha ya fito da sabon samfurin kwale-kwalen shaƙatawa da yake ƙerawa a Vonore, jihar Tennessee ta Amurka, sai masu tsofaffin su shiga lissafi: a sayar a canza, ko a haƙura?

Irin wannan kwale-kwale ba shi da farfela a waje. Injin ne ke zuƙo ruwa ya feso shi ta baya, kuma da feshin ake juya akalarsa. Shi ya sa da zarar an rage gudu sai sitiyari ya yi sanyi, tsayawa a gaɓa ya zama aiki. Masu shi sun daɗe suna wannan ƙorafi.

A 2019 kamfanin ya sa wa samfurin 275SD tsarin DRiVE, wanda direba ke sarrafa gaba da baya daga jikin sitiyari. A samfurin 2024 kuma injin lita 1.9 ya maye gurbin wani na 1.8.

Sai dai sauƙin tuƙin ya fara ne daga manyan samfura masu tsada. Mai ƙaramin kwale-kwale kuwa, sabon allo da fenti ba su hana ciyawa toshe masa mazuƙar ruwa.