Masu cewa ɗan jujitsu rago ne, ku matso kusa

Jiya a majalisa wani ya kunna bidiyon gasar jujitsun Birazil a waya. Ana fara wasa, ɗan wasa ɗaya ya zauna a ƙasa ya ɗaga ƙafafu, sai dariya ta ɓarke. "Haba, wannan ai ya kayar da kansa!" Ƙanena da yake koyon wasan wata shida ke nan yana gefe, bai ce uffan ba. Da dare ya ce min yana son ya daina zuwa atisaye, tsokanar ta ishe shi. Abin ya tsaya min a rai.

Na san daga inda dariyar ta fito. Da kokawa muka tashi, a kokawa kuwa da bayanka ya taɓa ƙasa an gama, makaɗa su ɗauki kiɗan wanda ya yi kaye. A jujitsu kuwa a ƙasan ake yin ainihin faɗan. Wanda yake kwance yana mayar da ƙafafunsa shinge tsakaninsa da na sama, shi ne abin da suke kira gad. Daga nan yana iya shaƙe ka, ya murɗe maka gwiwar hannu, ko ya juya ka ya hau kanka. Aikin na sama shi ne ya ƙetare ƙafafun nan ya danne ƙirji. A dokar IBJJF kayar da mutum maki 2 ne, ƙetare gad maki 3. Su da suka tsara dokar sun san wanne ya fi wuya.

In maki bai gamsar da ku ba, ku nemo damben Anderson Silva da Chael Sonnen na UFC 117 a 2010. Zagaye huɗu Sonnen yana kayar da Silva, yana kansa yana ta narka masa naushi. Wallahi duk mai kallo ya gama ba shi kambu. A zagaye na biyar yana zaune tsakanin ƙafafun Silva, sai Silva ya cusa masa hannu ɗaya ciki, ya maƙale wuyansa da cinyoyi. Sonnen ya buga hannu ya miƙa wuya, saura ƙasa da minti biyu a tashi. A shekarar dai Fedor Emelianenko, wanda ya shafe kusan shekara goma ba a ci shi ba, ya bi Fabricio Werdum ƙasa ya shiga gad ɗinsa. Daƙiƙa 69 aka yi.

Ba zan ɓoye ba, akwai abin haushi. Wasu 'yan gasar ba su iya kaye ba sam, zama kawai suke yi suna jan gindi a tabarma suna bin mutum. Ni ma ba na son kallon wannan, kuma gasar ADCC tana rage wa mai zaman ganganci maki in an shiga lokacin ƙirga maki. A titi, kan kwalta, ga abokan wancan a tsaye, ba wanda zai ba ka shawarar kwanciya da gangan. To amma in aka kayar da kai ba da sonka ba fa? Me za ka yi da mutumin da ya fi ka nauyi yana kanka? Abin da yaron nan yake koya ke nan, ku kuna masa dariya.

Na ce masa Asabar zan raka shi atisaye. Malam mai dariyar jiya, kai ma ka zo, ka hau kansa ka ƙetare ƙafafun nan mu gani. Minti biyar aka ba ka.